Yaye da ƙaramin ciki: in bari a kai shi Birni ko in riƙe shi a gabana?

Maman Walid (Tudun Jukun): Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tun daren jiya nake rubuta saƙon nan ina gogewa, yau dai na daure. Yarona watansa 18, shi ne na fari. Satin da ya wuce na je asibiti saboda jiri da tashin zuciya, aka auna aka ce ina da ciki na kusan wata biyu. Ban faɗa wa kowa ba sai Abbansa, amma ranar Juma'a da muka shiga Birni gaida Hajiyarsu, kallo ɗaya ta yi mini ta gane. Ta ce Asabar mai zuwa a haɗa masa kayansa a kai mata shi Kwarbai ya yi wata guda, ita za ta yaye shi, domin nonon ciki guba ne. Hajiya mutuniyar kirki ce, ko kallon banza ba ta taɓa yi mini ba. Damuwata yaron nan ba ya cin abinci. Koko cokali uku, taliya 'yar kaɗan, shayi da burodi, sauran duk nono ne. Ga damina, kuma wata uku da suka wuce ya yi zazzaɓin da sai da aka kwantar da mu kwana uku. In na tuna rana ɗaya za a raba shi da nono a raba shi da ni, sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Don Allah ku ba ni shawara.

Maman Nana (Sabon Gari): Wa alaikumus salam. Kada ki yarda. Ke kika haife shi, ke kika san kukansa. Surukai haka suke, in kika sake musu yau gobe sai su zaɓa masa makaranta.

Mai kula da zaure: Maman Nana, a yi a hankali. Da bakinta ta ce surukarta mutuniyar kirki ce. Shawara aka nema a kan yaro, kada mu haɗa ta faɗa da uwar mijinta.

Hajiya Goggo (Ƙofar Kuyambana): Allah ya raba lafiya 'yata. Ni na haifi tara, kuma na yaye jikoki bakwai a ɗakina, don haka bari in faɗa muku abin da ku yaran yanzu ba ku gani. Kai yaro gidan kaka ba mugunta ba ce. Yaron da ke jin ƙamshin uwarsa ba zai ci tuwo ba, ko me za ki dafa masa. Amma in ya shiga cikin yara, aka ajiye kwano ɗaya, ya ga kowa na kai hannu, shi ma sai ya kai. Na biyu, ke mai laulayi ce. Wa zai goya shi da dare yana tsala kuka kina amai? Na uku, ɗan fari ne. A zamaninmu ko sunansa ba ma kamawa, na kakanni ne. Surukarki haƙƙinta ta nema, kuma sauƙi take nema miki.

Maman Sadiq (Muciya): Hajiya, Allah ya ƙara girma, ban musa miki ba, amma ni abin ya faru a kaina. Na yi kwanika Sadiq yana wata 14. Da safe aka zo aka ɗauke shi, ko sallama ban yi da shi ba. Can gidan ba abin da ake ba shi sai koko tsararo da ruwan shayi, tunda ya ƙi tuwo. Kwana 20 aka dawo mini da shi, ƙafafu sun kumbura, gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, ko kuka ba ya iya yi da ƙarfi. Aka ce ai cikin da ya sha ne ya kama shi. A asibiti suka ce tamowa ce, yunwa ce. Mun fi wata biyu muna karɓar madarar gyaɗar nan ta leda kafin ya dawo hayyacinsa. Yau yana aji uku, alhamdulillah, amma har yanzu in na ga hotonsa na lokacin sai na yi hawaye. Kuma kakarsa tana son sa, ba ta yi da gangan ba.

Hajiya Goggo: Subhanallahi. Wannan sakaci aka yi. Ni yaron da zan yaye, kunun gyaɗa mai kauri nake dama masa, da faten wake, da ɗan nama in an samu.

Sista Maman Hanif (Palladan): Sannunku. Yanzu na fito daga aikin dare na tarar da saƙonni. Maman Walid, bari in fara da maganar guba, don ita ce tushen gaggawar. Nonon mai ciki ba ya zama guba. In cikin lafiyayye ne, mace za ta iya ci gaba da shayarwa. Abin da ke faruwa shi ne yayin da ciki ke girma nonon yakan ragu, ɗanɗanonsa ya canza, wasu yaran da kansu suke saki. Waɗanda muke ce wa su dakata su ga likita su ne mai ganin jini, mai ciwon mara mai tsanani, wadda ta sha yin ɓari ko haihuwar bakwaini, da mai ɗauke da tagwaye. In ba ki cikin waɗannan, ba wanda ke korar ki, kina da lokaci.

To me ya sa iyayenmu suka ce guba ne? Domin sun ga yara suna lalacewa bayan kwanika, kuma da gaske suka gani, ido bai yi musu ƙarya ba. Sai dai abin da ke lalata yaron shi ne cire nonon rana ɗaya ba tare da an tanadi abin da zai maye gurbinsa ba. Irin tamowar nan mai kumburi da Maman Sadiq ta kwatanta, sunan da likitoci ke kiran ta, kwashiorkor, daga yaren Ga na ƙasar Gana ya fito, kuma ma'anarsa ciwon yaron da aka ture daga nono saboda an yi masa ƙane. Wata likita mai suna Cicely Williams ce ta shigar da sunan cikin rubutun likitanci a 1935. Kun ga ba a ƙasar Hausa kaɗai aka san abin ba.

Maman Walid: Sista, Allah ya saka da alheri. Ba na ganin jini, ban taɓa ɓari ba. Sai dai gajiya, kuma in yana sha kan nonon zafi yake yi mini sosai.

Sista Maman Hanif: Wannan zafin na ciki ne, da yawa suna jin sa. Ki ƙara cin abinci, ki fara zuwa awo, ki riƙa shan maganin ƙarin jinin da za su ba ki. Kuma ki sani in kin ga ba za ki iya ba, yaye a wata 18 ba laifi ba ne. Yadda za a yi shi ne abin dubawa.

Malama Ummu Abdallah (Gyallesu): Bari in ƙara ta ɓangaren addini, don na san Hajiyarku za ta fi saurin karɓar wannan. A Suratul Baƙara aya ta 233 Allah ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, kuma a cikin ayar ya ce in iyayen biyu suka so yaye bisa yardar juna da shawara, babu laifi a kansu. Ki lura da kalmar shawara, kuma uwa da uba aka ambata. Sannan akwai hadisi a Sahihu Muslim, yana cikin Muwaɗɗa ma, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya yi niyyar hana gila, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi kuma ba ya cutar da 'ya'yansu. Malamai sun fassara gila da kusantar mace mai shayarwa, wasu kuma suka ce shayarwa da ciki. Ko wacce fassara aka ɗauka, ba a hana ba.

Hajiya Goggo: Malama, na ji, kuma ba ni da ta cewa a gaban hadisi. Amma ina nan a kan bakana cewa yaro ba ya koyon ci a gindin uwarsa. Ku tambaye ta, sau nawa ta ɗauko kwano ya yi kuka ta ajiye ta ba shi nono?

Maman Walid: Hajiya, gaskiya kullum ne. Ba na iya jure kukansa.

Hajiya Goggo: To kin gani.

Maman 'Yan Biyu (Samaru): Nan Hajiya ta fi mu gaskiya. Nawa biyun ma sai da na daina ba su nono kafin abinci suka fara ci. Yaron da ya cika cikinsa da nono da shayi ina zai sa tuwo? Maman Walid, ki fara da garin kunu, ni shi ya rufa mini asiri. Awona shi ne gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. Kowanne daban nake soya shi sama-sama. Waken suya shi ne mai aiki, sai ya soyu sosai ya yi ƙamshi, a ɓarza a fece dusar, in ba haka ba yana kumbura wa yaro ciki. Gyaɗar kuma ki zauna ki tsince ta ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta yi baƙi, ta yi fumfuna ko ta motse ki zubar, musamman yanzu da damina. In da hali ki sa busasshen kifi kaɗan da dabino a kai niƙa tare. Ki tsaya a kan mai injin ya share shi, kada ya niƙa miki bayan barkono. In kin dawo ki baza garin ya huce kafin ki zuba a bokiti mai murfi. Ba ya buƙatar firji, wanda da wutar nan tamu dama ba a dogara da shi. Ni na sati biyu nake yi, kada ya daɗe ya yi warin mai.

Wajen damawa kuma, a dafa shi a wuta kamar minti goma, ba zuba tafasasshen ruwa kawai ba. Ya yi kauri yadda in kin karkata cokali ba zai zube ba. Ki ɗiga manja ko man gyaɗa cokali ɗaya.

Sista Maman Hanif: Kaurin nan shi ne maganar. Cikin yaro ƙarami ne, in kika cika shi da koko mai ruwa ya ƙoshi amma bai ci komai ba. Mai shekara ɗaya zuwa biyu ana so ya ci sau 3 zuwa 4 a rana, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani, kamar ayaba, gwanda, dafaffen dankalin Hausa ko awara. Shayin nan kuma ki rage, ganyen shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, shi ke kawo ƙarancin jini. In madarar kike so ya sha, ki ba shi ita ba ganye. Kuma kada a ba shi gyaɗa guda-guda, tana shaƙe yara.

Amarya (Hanwa): Ni ban haihu ba tukuna, ina koyo ne. Yayata in za ta ba ɗanta abinci sai ta kunna masa katun a waya, yana kallo tana ɗura masa, kuma yana cinyewa tas. Ba sai a gwada wannan ba?

Maman 'Yan Biyu: Na gwada, na yi da-na-sani. Ranar da waya ba caji ba a cin abinci a gidana. Sai da na yi sati guda ina fama kafin na raba su.

Sista Maman Hanif: Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta son a ajiye yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allo, mai shekara 2 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Yaron da ke kallo bai san ya ci ba, bai san ya ƙoshi ba. Ki shimfiɗa tabarma, ki wanke masa hannu, ki ba shi kwanonsa, ya ɓata jikinsa ya ɓata wurin. Ɗura kuma a bar ta, toshe wa yaro hanci a zuba masa kunu yana iya sa ya tafi huhu.

Maman Nana: To in ya tashi kukan dare fa? Ni da na yaye Nana shuwaka na shafa, ta ɗanɗana sau biyu ta haƙura. Da dare kuma maƙwabciyata ta ba ni wani maganin mura na ruwa mai sa barci, cokali ɗaya sai safe.

Sista Maman Hanif: Maman Nana, don girman Allah kada ki sake, kuma kada kowa a zauren nan ya gwada. Maganin da ke sa yaro barci yana iya danne masa numfashi, kuma ba ki san adadin da jikinsa zai ɗauka ba. Waɗanda suka manyanta za su tuna ƙarshen 2008, lokacin maganin haƙorin nan My Pikin da aka samu guba a cikinsa. Yara 84 suka rasu a ƙasar nan, ƙodarsu ta daina aiki, kuma asibitin koyarwa na nan Zariya yana cikin wuraren da aka kwantar da su, har NAFDAC ta hana sayar da shi. Iyayen nan ba abin da suka nema sai 'ya'yansu su samu sauƙi su yi barci. Duk maganin ruwan da ba likita ya rubuta wa ɗanki ba, ki bar shi a kanti.

Maman Nana: Innalillahi. Wallahi ban sani ba. Allah ya tsare, na daina.

Hajiya Goggo: Na tuna wannan shekarar. Allah ya jiƙan yaran nan.

Maman Walid: Na gode ƙwarai. Yanzu na gane ba dole ne a cire ranar Asabar ba. Amma ta yaya zan tunkari Hajiya? Ni ko ido ba na iya haɗawa da ita, balle in ce mata a'a.

Malama Ummu Abdallah: Ba ke za ki faɗa ba. Ɗanta ne zai je, shi kaɗai, ya zauna a ƙasa ya yi mata bayani. Kuma kada ya ce "matata ta ce". Ya ce an je asibiti ga abin da aka ce, ga kuma zazzaɓin da yaron ya tashi daga shi.

Hajiya Goggo: Kuma kada ya je mata da a'a tsirara. Tsohuwa in ka hana ta abu sai ka ba ta wani a hannu. Ku ce mata kuna so ita ta koya masa cin abinci. Uban ya sauke shi Kwarbai da safe kafin ya wuce kasuwa, ya ɗauko shi bayan Magariba. Yini guda ba nono, yana cikin yara, yana cin abin da ta dafa, da dare ya kwana a jikin uwarsa. Sati biyu ko uku a haka, na rana ya fita. Na dare shi ne na ƙarshe. In ya saba da ita, ranar da za a cire gaba ɗaya ko kwana uku ya yi a wurinta ba zai ji an yar da shi ba. Ki haɗa garin kunun da hannunki ki kai mata, ki ce ta gwada ta gaya miki in ya yi.

Maman Sadiq: Da haka aka yi mini, Hajiya, da ban ga abin da na gani ba.

Sista Maman Hanif: Wannan tsarin ya yi, kuma ke ma zai fi miki sauƙi, domin cirewa rana ɗaya ke sa nono ya cika ya yi tauri har ya kawo zazzaɓi. In ya cika ki tatsa kaɗan don ki ji sauƙi, ki ɗora tsumma mai sanyi, kada ki ɗaure ƙirji tamau. Abu uku kuma ki duba kafin ya fara yini a can. Katin rigakafinsa: an yi masa allurar ƙyanda ta biyu ta wata 15? Da yawa suna tsayawa a ta wata 9. Sai maganin zazzaɓin cizon sauron nan da ake bi gida-gida da damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59: na kwana uku ne a jere kowane wata, masu rabo suna ba da na ranar farko su bar miki na kwana biyu, to kada ya faɗa tsakanin gida biyu a manta. Na uku, ki biya asibitin unguwa a auna damtsensa da ma'aunin nan mai launi. Kore lafiya, rawaya a ƙara kula, ja kuma, wato ƙasa da santimita 11.5, sai magani. Ki sa a auna yanzu, a sake bayan sati biyu. Ki ajiye wa Hajiya ORS, wato garin ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinki ko da gudawa ta zo, kuma in ya kwanta ciwo a tsakiyar yayen, a dakata a mayar masa da nono har ya warke.

Maman Walid: Ta wata 15 ba a yi ba, lokacin muna fama da zazzaɓin. Gobe in sha Allah zan kai shi. Yau da dare zan karanta wa Abbansa duk abin da kuka rubuta.

Maman Walid: Assalamu alaikum, na dawo da labari, yau kwana tara ke nan. Abbansa ya je ranar Alhamis ɗin. Da farko Hajiya ta yi shiru, ta ce su da suka yi nasu ba su kashe kowa ba. Da ya kawo mata hadisin sai ta ce a tambayo mata malaminsu na unguwa, aka tambayo, ya tabbatar. Ta yarda da yinin, amma ta ce bayan sati uku zai kwana bakwai a wurinta, ba uku ba. Mun bar shi a haka tukuna. An yi allurar, damtsen kuma kore ne amma dab da rawaya. Ranar farko ya yi kuka har Azahar bai ci komai ba, ni ma a gida ban iya cin komai ba. Rana ta uku ta aiko a gaya mini ya ci ɗanwake da 'ya'yan kawunsa har yana ƙwace na wani. Jiya kuma ta ba shi dafaffen ƙwai, ita da ta taɓa ce mini ƙwai na sa yaro sata. Matsalar yanzu dare ne. Kamar yana rama na rana, sau huɗu sau biyar yake tashi, ni kuma ga jiri da safe.

Hajiya Goggo: Alhamdulillah. Ki ba shi kunu mai kauri bayan Isha'i kafin ya kwanta. In ya farka na farko kada ki ɗauke shi, uban ya ɗauka ya ba shi ruwa a kofi ya zaga da shi tsakar gida. Ki bar masa sau biyu kawai, na kwanciya da na Asuba. Kwana bakwan kuma kada ki yi gardama yanzu, in lokacin ya zo ki bi shi ki kwana biyun farko a can, ba surukar da za ta kori mai ciki.

Maman Walid: To Hajiya, yau za mu gwada. Maman 'Yan Biyu, garin farko ya kusa ƙarewa, kuma na ga kamar waken bai soyu ba, yana ɗan ɗanye-ɗanye. Jiƙa shi ake yi kafin suya ko a bushe?

Maman 'Yan Biyu: Ki wanke ki jiƙa shi ya kwana, ki murje bawon, ki shanya ya bushe ƙarau, sannan ki soya a wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa har ya yi ruwan ƙasa. Da hadarin nan zai iya ɗaukar kwana biyu bai bushe ba, don haka ki jiƙa tun yau.